Babi na Tara: Haƙƙin Masu Jini

A ƙarshen watan Nuwamba na 2024 Gwamnan Kaduna, Uba Sani, ya je Birnin Gwari ya yi abu biyu a yini guda. Ya karɓi rukunin farko na mutanen daji da aka ce sun daina fashi, sannan ya buɗe kasuwar kara, wadda ta yi kusan shekara goma a rufe. Hukuma ta ce an shafe watanni ana tattaunawa kafin a kai ga wannan rana, ta hannun wani kwamitin sulhu da gwamnatin jiha ta kafa tare da ofishin mai ba Shugaban Ƙasa shawara kan tsaro, Nuhu Ribadu. Daga ranar sunan mutanen ya canja a bakin gwamnati da na gidajen rediyo. Waɗanda jiya ake kira 'yan ta'adda suka wayi gari tubabbu.

Duk wanda zai raina abin da aka samu, bai san hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari ba. Tafiya ce ta kilomita ɗari da 'yan kai, ta Buruku da Udawa da Kuriga, amma an yi shekaru ba a shigarta sai da rakiyar sojoji, motoci jere kamar ayarin fatake, kowa bakinsa da addu'a. Wanda bai samu rakiya ba ya kwana a tasha, ko ya yi dogon zagaye. A bakin hanyar nan ne, a Kuriga, aka kwashe ɗaliban makaranta ranar 7 ga Maris 2024. Da farko an ce su 287 ne, a ƙarshe 137 aka dawo da su daga dajin Zamfara, malaminsu guda kuma ya rasu a hannun maharan. Wata takwas da 'yan makonni kacal tsakanin wannan da ranar buɗe kara. Bayan sulhun motoci suka koma bin hanya, manoma suka fara leƙa gonakin nesa da suka daɗe da sallamawa, Fulanin da suka yi shekaru ba su taka cikin gari ba suka shigo kasuwa da asibiti. Mutumin da ya kwana da takalmi a ƙafa shekara da shekaru, in ya samu barci har asuba, babu mai ikon ce masa an cuce shi.

Tambayar wannan babi ta daban ce: wa ya yafe, kuma da izinin wa?

Sai mun ɗan koma baya a ga yawan bashin. Ƙasar Birnin Gwari tana jingine da gandun dajin Kamuku, mai faɗin sama da murabba'in kilomita 1,100, wanda aka keɓe tun 1936 aka kuma mai da shi gandun ƙasa a 1999. Kamuku ya haɗe da dajin Kuyambana na Zamfara. Mai babur zai iya shiga ta nan ya ɓullo Ɗansadau, ko ƙasar Sabuwa ta Katsina, ko jihar Neja, bai ratsa wani babban gari ba. Ga zinariya a ƙasa, ga makiyaya, ga ƙasar noma mai ba da masara da dawa da waken suya. Ɓarna ta fara da satar shanu da tare hanya. A watan Oktoba na 2012 mahara suka faɗa wa Dogon Dawa da asuba, suka kashe mutum kusan ashirin, da dama a bakin masallaci, abin da aka ce ramuwa ce a kan 'yan banga. A 2015 gwamnonin jihohin da suka kewaye dajin suka haɗa kuɗi aka tura sojoji Kamuku, aka ƙwato shanu masu yawa, ɓarayin suka watse, suka sake taruwa. Shekarar 2018 ta fi muni. A watan Maris aka kashe sojoji 11 a Kamfanin Doka. A Afrilu aka kashe masu haƙar zinariya a Janruwa. Ranar 5 ga Mayu aka shiga Gwaska aka kashe mutum sama da arba'in, har da yara. Bayan nan ne Shugaba Buhari ya amince a girke bataliyar soja a yankin.

Farawa da na shekarar 2020, gwamnatin Kaduna ta Nasir El-Rufa'i ta riƙa fitar da rahoton tsaro ta bakin kwamishina Samuel Aruwan. A 2020 an kashe mutum 937 a jihar, an sace 1,972. A 2021 an kashe 1,192, an sace 3,348. A 2022 an kashe 1,052, an sace 4,227. Kaso mafi tsoka yana yankin Kaduna ta Tsakiya, inda Birnin Gwari da Chikun da Giwa da Igabi suke. A yaba wa wanda ya yi wannan ƙidaya, domin jihohin da suka yi irinta ba su da yawa. Sai dai lamba ce aka tara. Ba a san sunan uban kowa a ciki ba, ba a san mata nawa suka shiga takaba ba, ba a san nawa cikin waɗanda aka sace suka dawo ba.

A tsawon shekarun nan sunan masu ɓarnar ya yi ta sauyawa, kowane suna da irin maganin da yake kira. Da suna ɓarayin shanu, aikin 'yan banga da ɗan sanda ne. Da suka zama masu garkuwa da mutane, magana ta koma ta kuɗin fansa. Mutanen ƙauye kuwa sukan tsaya a kan "mutanen daji" ko "yaran nan", domin ba a san wanda ke zaune a gefen tabarma ba, kuma kalmar infoma ta riga ta shiga bakin tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba. A watan Nuwamba na 2021 Mai Shari'a Taiwo Taiwo na Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ya ayyana su a matsayin 'yan ta'adda, aka buga hukuncin a jaridar gwamnati a Janairun 2022. Takardar da Turanci aka rubuta ta, amma da aka zo ambaton waɗanda aka haramta sai aka rubuta Yan Bindiga da Yan Ta'adda, da Hausa, kamar sunayen ƙungiyoyi ne masu shugaba da sakatare. Alhali laƙabi ne da masu karanta labarai suka saba da shi, wanda ya rufe ɗaruruwan dabobi da ba sa ga maciji da juna. Ɗaya daga dalilan da aka bayar shi ne a samu damar amfani da jiragen yaƙi na Super Tucano da aka sayo daga Amurka, waɗanda aka ce an gindaya sharaɗi a kan wanda za a kai wa hari da su.

Wannan hukunci yana nan, kuma yana da nauyi a kan maganar afuwa. Sashe na 212 na tsarin mulkin 1999 ya ba gwamna ikon yafe laifin da dokar jiha ta tanada. Ta'addanci laifin dokar tarayya ne, yafe shi sai Shugaban Ƙasa, a ƙarƙashin sashe na 175. Saboda haka mutumin da ya yi musafaha da manya a Birnin Gwari, a takarda har yanzu yana cikin waɗanda kotun Abuja ta haramta. Shi ma ya san haka, ko da bai san lambar sashen ba, kuma wanda ya san ana iya damƙe shi gobe ba zai yi nisa da bindigarsa ba.

Mu bar dokar bature mu zo ga wadda mutanen wurin suka fi sani, domin tuba maganar addini ce, kuma da gangan aka zaɓe ta. Duk almajirin da ya zauna a zaure ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani ya wuce ta babin jini da haddi, ya ga hukuncin muharibi, wato ɗan fashi mai tare hanya da makami. In an kama shi kafin ya tuba, babu afuwa. In ya yi kisa za a kashe shi, ko da dangin mamacin sun ce sun yafe. In kuwa ya zo da ƙafarsa yana mai tuba kafin a ci ƙarfinsa, to haƙƙin Allah ya faɗi daga kansa, haddin fashi ya tafi. A nan masu wa'azin sulhu suke yawan tsayawa, alhali maganar ba ta ƙare ba. Haƙƙin mutane, na jini da na dukiya, yana nan a wuyansa. Shanun da ya kora sai ya mayar ko ya biya. Ran da ya kashe kuwa magana ta koma hannun waliyyan mamaci: su nemi ƙisasi, ko su daidaita a kan diyya, ko su yafe don Allah. Sarki ba ya cikin jerin nan, balle gwamna. Abin da shugaba ke iya yafewa shi ne haƙƙin hukuma, wato tawayen da aka yi mata da dokarta da aka taka.

Malaman fiƙihu ba su raba haƙƙin nan gida biyu don taurin rai ba. Sun buɗe ƙofar tuba don ɗan fashi ya ga amfanin saukowa daga kan hanya tun da sauran ƙarfinsa, suka bar haƙƙin mutane don kada tuba ta zama sana'a. Yafiya ma an kwaɗaitar da ita ƙwarai, an yi alkawarin lada mai yawa ga wanda ya yafe jini. Amma ladan na wanda aka tambaya ne, yana da ikon cewa a'a, ya danne zuciyarsa ya ce na bari. Wanda ya ji a rediyo cewa an yafe wa wanda ya kashe ɗansa, an hana shi ƙisasi, an hana shi diyya, an kuma hana shi ladan yafiyar.

Na san abin da za a ce game da diyya. Raƙuma ɗari ce, ko dinari dubu na zinariya, wanda ya haura kilo huɗu. A kuɗin yau ɗaruruwan miliyoyin naira ne a kan rai guda, a ninka da dubbai a ga ko kasafin jiha zai ɗauka. Gaskiya ne, ba zai ɗauka ba. Sai dai shari'a ta bar ƙofar sulhu a kan abin da ɓangarorin suka yarda da shi, ko ya gaza diyya nesa ba kusa ba. Kuma na lura masu saurin kawo wannan lissafi ba sa yin irinsa a kan kuɗin fansar da talakawa suka biya shekara goma, da gonaki da hatsi da shanun huɗa da aka sayar, da harajin da aka ɗora wa ƙauyuka kafin a bar su su yi shuka, a sake ɗora wani kafin girbi. Wancan ma ba mai iya biya ne ya biya shi ba.

Akwai kuma bashin da ba na kuɗi ba, kuma shi ya fi ci mini rai. Mutuwa a ƙasar Hausa tana da tsari mai sauƙaƙa wa mai rai. A wanke mamaci, a sallace shi, a kai shi makwancinsa kafin rana ta yi nisa. A shimfiɗa tabarma a ƙofar gida kwana uku, masu gaisuwa su zo su ce ya haƙuri, a amsa da godiya. Matarsa ta shiga takaba wata huɗu da kwana goma, ta fita. A raba gado. Kowane mataki yana gaya wa zuciya cewa abin ya faru, kuma ya wuce.

To, yaya gidan da aka ɗauki maigida a gona, aka kira sau biyu ana ciniki, sannan waya ta mutu? Ko wanda aka haɗa kuɗi da babur da katin waya aka kai, aka ce a koma gida zai biyo baya, bai biyo ba? Irin waɗannan gidaje suna nan a Kakangi da Randagi da Kuyello da sauran gundumomi, da kuma unguwannin Kaduna da Funtuwa da Zariya inda masu gudun hijira suka rakuɓe. Babu gawa, saboda haka babu jana'iza. Ba a zauna makoki ba, domin zaman makokin wanda ba a tabbatar da mutuwarsa ba kamar yi masa fatan mutuwa ne, kuma uwarsa ba za ta yarda ba. Maƙwabta sun rasa gaisuwar da za su yi, jaje ko ta'aziyya. Matar ba mai aure ba, ba bazawara ba. Gonar ba a raba ba, ba a sayar ba, ƙannen miji da 'ya'ya suna kallon juna.

Fiƙihun Malikiyya ya san wannan matsala, yana kiran mutumin mafƙudi, wanda ya ɓace. Hukuncin da aka fi sani shi ne matar ta kai magana gaban alƙali, a yi cigiya, in ba a samu labari ba ta jira shekara huɗu, sannan ta yi idda irin ta mutuwa. Dukiyarsa kuwa ba a raba ta sai ya kai shekarun da ba a zaton irinsa yana raye. Amma Mukhtasar na Khalil ya rarrabe nau'o'in ɓata, ya ba wanda ya ɓace a faɗan da ya auku tsakanin Musulmi hukunci mai sauƙi, inda ba a buƙatar dogon jiran nan. Ga kuma ƙofar rashin ciyarwa, wadda mace ke iya neman rabuwa ta cikinta in babu abin da mijin ya bari. Wato alƙali yana da wurin motsi. Abin da ya rasa shi ne labari.

Labarin kuwa yana wurin mutanen da ke shigowa kasuwa yanzu. Wanda ya yi gadin sansani ya san wanda zazzaɓi ya kashe a ɗaure, da wanda aka harbe don kuɗi sun yi jinkiri, da gindin dutsen da aka yar da shi. Ya buɗe baki ya ce wane ya rasu da damina ta shekara kaza, a wuri kaza, wannan kaɗai zai kwance gida guda daga ɗaurin shekaru. Ba ya cin ko kwabo daga asusun gwamnati. Cikin sharuɗɗan tuba da kowane mai wa'azi ke lissafawa, bayan nadama da dainawa da ƙudurin ba za a koma ba, akwai mayar da haƙƙi ga masu shi, kuma mafi arhar haƙƙin da ke hannun mutanen nan shi ne faɗin inda mutane suke.

Jerin matattun ba na ɓangare guda ba ne, kuma wanda ya ɓoye wannan ba sulhu yake nema ba. Waɗanda aka fara yi wa satar shanu Fulani ne, wasu aka raba su da garken da suka gada kaka da kakanni a dare guda, ba su samu wanda ya bi musu kadi ba. Da 'yan sa-kai suka yi ƙarfi a Arewa maso Yamma an kashe Fulani a kasuwa da kan hanya ba tare da an tambayi laifinsu ba, an ƙone rugage, jirgin sama ma ba ya tantance ɓarawo da mai tatsar nono. Yaran da suka ga haka wasunsu ne suka girma da bindiga a kafaɗa. Wannan ba ya wanke wanda ya shiga Gwaska ya kashe yara. Amma in an zo zaman gaskiya, ɗan sa-kai ma yana da abin faɗa, kuma akwai matan ruga da su ma ba su ga gawar mazansu ba. Ga rukuni na uku da ba a cika son ambato ba: 'yan gari da suka riƙa kai rahoton wanda ya sayar da hatsi, da masu kai fetur da burodi da ƙwaya daji, da dillalan shanun sata. Sulhu tsakanin gari da daji bai taɓa wannan ƙullin ba, alhali shi ne wanda ake sallah sahu ɗaya da shi.

Kotu fa? Misali guda ya isa. Ƙungiyar Ansaru, wadda ta ɓalle daga Boko Haram a 2012, ta yi sansani a gabashin Birnin Gwari, wajen Damari, har a 2022 ƙungiyar ci gaban masarautar, BEPU, ta yi ta kukan cewa sun hana harkar siyasa a wasu ƙauyuka kuma suna auren 'yan matan wurin. A watan Agusta na 2025 Nuhu Ribadu ya sanar da kama shugabanninta biyu. Da aka gurfanar da su a Abuja a watan Satumba, ɗayansu, Mahmud Muhammad Usman, ya amsa laifi guda cikin jerin tuhume-tuhumen, na haƙar ma'adinai ba bisa ƙa'ida ba, aka yanke masa shekara 15, sauran ya musanta. Wannan babban kamu ke nan, wanda duniya ta sa wa ido. Ɗan ƙauyen da aka kashe wa uba a gona, shari'arsa ba ta ma kai ga samun lambar fayil ba.

Ba mu ne farkon waɗanda suka rasa yadda za su yi da masu laifin da suka fi ƙarfin kurkuku ba. Afirka ta Kudu, bayan mulkin wariyar launin fata, ta kafa hukumar gaskiya da sasantawa ƙarƙashin Desmond Tutu, ta fara zama a 1996. Ta yi afuwa, amma da farashi: sai mutum ya nema da sunansa, ya faɗi duk abin da ya aikata, sau da yawa a gaban iyalan wanda ya kashe. Sama da mutum 7,000 suka nema, 849 suka samu. Ta wannan hanya aka tono kaburburan ɓoye aka miƙa wa iyaye ƙasusuwan 'ya'yansu. Ruwanda, bayan kisan 1994, ta koma ga zaman dattawa na gargajiya da ake kira gacaca, kotuna sama da 12,000 a ƙauyuka, suka saurari ƙararraki kusan miliyan biyu kafin a rufe su a 2012. Wanda ya amsa laifi ya nuna inda gawa take, a rage masa hukunci. Duka biyun an soke su, kuma da hujja. A Afirka ta Kudu diyyar da aka biya ba ta taka kara ta karya ba, a Ruwanda an yi ƙorafin shaidar zur da rashin taɓa laifin sojojin da suka ci yaƙi. Mu ma mun taɓa gwadawa, da kwamitin Mai Shari'a Oputa da Obasanjo ya kafa a 1999, wanda ya miƙa rahoto a 2002 gwamnati ba ta taɓa fitar da shi a hukumance ba. Abin lura a biyun farko shi ne mai laifi ya biya wani abu kafin a sassauta masa, ko da bayani ne kawai.

Sulhunan da aka yi a maƙwabta ba su nemi ko wannan ba, kuma an ga ƙarshensu. A Disambar 2016 gwamnatin Abdul'aziz Yari ta yi sulhu da shugaban daba Buharin Daji a Zamfara. Bai daɗe ba ya koma ruwa, har wani shugaban daba, Dogo Giɗe, ya kashe shi a Maris 2018. Aminu Masari ya gwada sau biyu a Katsina, a 2017 da 2019, daga baya ya fito ya ce an ci amanarsa, ba zai ƙara ba. A Zamfara kuma Bello Matawalle ya yi tayin shanu biyu a kan kowace AK-47. Auwalu Daudawa, wanda ya jagoranci kwashe ɗaliban Ƙanƙara a Disambar 2020, ya dafa Alƙur'ani a Gusau a watan Fabrairu na 2021, kafin ƙarshen Afrilu ya koma daji, a can aka kashe shi. Shi ya sa da an ce tubabbu sai ka ji wani a bayan majalisa ya ce tuban muzuru, kaza a baki.

Masu kare sulhun Birnin Gwari suna da amsa, kuma ba ta banza ba ce. Mutanen nan ba cin su aka yi da yaƙi ba. Da ƙarfinsu suka zo, kuma duk wanda ya tare su da maganar ƙisasi a zaman farko, ya tashi taron. An gwada ɗaya hanyar. El-Rufa'i ya ce ba sulhu, ba fansa. A 2021 aka rufe kasuwannin mako, aka hana sayar da fetur a jarka, aka hana hawa babur, aka katse layukan waya kusan wata biyu. Shekarar da ta biyo baya adadin waɗanda aka sace ya ƙaru. Majalisar Dattawa ma a Afrilun 2022 ta amince da ɗaurin shekara 15 ga mai biyan fansa, kamar uban da aka ɗauke wa 'ya zai tsaya duba littafin doka. Uba Sani ya sha cewa ko sisi bai ba kowa ba, El-Rufa'i ya yi zargin ana biya, ofishin Ribadu ya ƙaryata. Ni dai ban ga laifin wanda ya fara da tsayar da harbi ba. Inda na saɓa da su shi ne kiran wannan mataki da sunan na ƙarshe. An tsagaita wuta, an buɗe hanya, madalla. Ba a kira zaman da gwauruwar Gwaska ko maraya na Dogon Dawa za su tsaya a bainar jama'a su faɗi abin da aka yi musu ba, balle a tambaye su ko sun yafe. Wanda aka ce masa ya yi haƙuri alhali ba a saurare shi ba, shiru kawai yake yi, kuma 'ya'yansa suna jin abin da yake faɗa in dare ya yi.

Aikin farko bai ma buƙatar yardar mutanen daji. Ƙaramar hukumar Birnin Gwari gundumomi 11 ce. Babu mai unguwar da bai san gidajen da aka yi rashi a unguwarsa ba, babu limamin da ya manta gawawwakin da ya sallata a jere, haka arɗo a ruga. Masarauta, ƙarƙashin Sarki Zubairu Jibril Maigwari na II, tana da tsanin da ya sauka daga hakimi zuwa dagaci zuwa mai unguwa, kuma da wannan tsanin aka yi shekaru ana tara haraji da jangali, ba a manta gida ko ɗaya ba. Da shi za a iya rubuta littafi mai shafi uku: wanda aka kashe aka binne, wanda aka sace ya dawo da abin da aka biya, da wanda har yau ba labari. Kowane da sunansa da na ubansa da ƙauyensa da shekarar. Da wannan littafi a hannu ne kwamitin sulhu zai iya komawa wurin shugabannin dabobi da shafi na uku, ya ce ga sunaye, a gaya mana. Da shi ne kuma za a san wa za a fara ba wa in an kafa asusun tallafi, maimakon a raba shinkafa a filin wasa ga wanda ya fi ƙarfin turereniya.

Inda mutanen daji suka ƙi magana, akwai wasu shaidun. Dubban da aka sako bayan an biya fansa sun kwana a sansani ɗaya da waɗanda ba su dawo ba, sun ga wanda ya cika, wasu ma su aka sa suka ja gawar. Da yawansu sun bar ƙauye, suna dako ko acaba a Rigasa da Funtuwa da Tegina. Shaidar biyu daga cikinsu ta isa alƙalin kotun shari'a ya tabbatar da mutuwa, mace ta fara ƙirga kwanakin takaba, a kira masu rabon gado. Sai an bi su inda suke an ɗauki bayaninsu, kuma kuɗin mota zuwa Birnin Gwari ya fi ƙarfin yawancinsu, saboda haka ko dai kotun ta riƙa zaman zagaye, ko gwamnati ta ɗauki nauyin kawo su.